Steam Deck ko ROG Ally? Ku ba ni shawara kafin in saki kuɗina

Sadiq_09: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu riƙe da irin ƙananan kwamfutocin nan na gem na hannu ina neman shawararku. Na daɗe ina tara kuɗi yanzu sun kusa kaiwa, kuma wlh duk sanda na shiga YouTube sai na fito a ruɗe, wannan ya ce Steam Deck wancan ya ce ROG Ally, can wani ya kawo Legion Go ko MSI Claw kowa yana rantsuwa tashi ce ta fi. Abin da nake bugawa shi ne EA FC (gem ɗin ƙwallon da a da ake kira FIFA), Elden Ring, Red Dead 2, sai ƙananan gem irin su Hades. Aikina na yawan tafiya ne shi ya sa maganar batir ta dame ni sosai. Sau ɗaya zan saya, ba ni da halin in saya in canja. Wacce za ku ce in ɗauka?

Khalifa: Wa alaikumus salam. ROG Ally X, ka rufe ido ka ɗauka.

Ummi_K: Haba Khalifa ko dalili ba za ka ba shi ba? Mutum ya ce sau ɗaya zai saya fa.

Khalifa: Dalilin yana cikin maganarsa Yaya Ummi, gem na farko da ya lissafa shi ne FC. FC ba ya tashi a SteamOS, shike nan.

Malam Bash: Wa alaikumus salam Sadiq. Ni Steam Deck OLED nake riƙe da ita kuma ina sonta ƙwarai, amma abin da Khalifa ya faɗa gaskiya ne, bari in warware maka shi don ka san daga inda matsalar take. Steam Deck ba Windows take ɗauke da shi ba, SteamOS ne, wanda Valve, kamfanin da ya ƙera ta, suka gina a kan Linux. Yawancin gem na kwamfuta kuma don Windows aka rubuta su, to sai Valve suka sa wata manhaja a tsakani mai suna Proton da take fassara umarnin gem ɗin zuwa abin da Linux ke ganewa, kuma tana aiki sosai, dubban gem suna tashi kamar dama can don ita aka yi su. Inda ake samun cikas shi ne manhajar hana maguɗi da wasu kamfanoni ke sawa a gem ɗin da ake bugawa da mutane ta intanet. Wasu daga cikinsu suna shiga har can cikin ƙuryar Windows su zauna suna gadi, Proton ba shi da hanyar kwaikwayon wannan. EA sun sa irin tasu tun daga FIFA 23, daga nan har FC na yanzu babu wanda ke tashi a SteamOS. Haka Fortnite, Valorant, Call of Duty na yanzu, PUBG, Destiny 2. Apex Legends da yana yi, a ƙarshen 2024 suka rufe ƙofar. GTA V ma ɓangaren labari yana yi amma ɓangaren intanet ya daina tun da suka sa BattlEye a Satumba 2024.

Amma kar ka ɗauka duk gem mai hana maguɗi ne ba ya yi. Elden Ring ɗinka yana da Easy Anti-Cheat kuma yana tafiya lafiya har da ɓangaren intanet ɗin, saboda masu gem ɗin sun yarda sun kunna masa. Abin ya dogara ne ga kamfanin da ya yi gem ɗin. Saboda haka kafin mu shiga maganar wacce ta fi ƙarfi, tambayata ɗaya ce, FC ɗin nan dole ne sai a kanta za ka buga, ko kana da PS ko wata kwamfuta a gida da kake buga shi?

Faruq: Ku bar wahalar nan ku sayi Switch 2 kawai, ka kunna ka buga ba ruwanka da saiti

Sadiq_09: Faruq gem ɗina duk a Steam na saye su tun ina da laftof, Switch ba za ta buɗe min ko ɗaya ba sai dai in sake saye daga farko. Malam Bash na gode sosai, wlh ban san haka abin yake ba. Zan amsa tambayarka amma bari in fara jin maganar batir tukun don shi ne ya fi tsaya min a rai.

Injiniya: To bari in shigo a nan don wannan ɓangarena ne. Maganar batir lissafi ne mai sauƙi kuma in ka iya shi babu mai tallan da zai ruɗe ka. Girman batir ana auna shi da Wh, abin da na'ura ke sha kuma da wat, ka raba na farko da na biyu ka samu awa. Kamar tankin mota ne da yadda injin ke shan mai.

Steam Deck ta farko mai allon LCD da ta fito a Fabrairu 2022 tana da 40Wh. Mai OLED da ta fito a Nuwamba 2023 tana da 50Wh. ROG Ally ta farko ta Yuni 2023, 40Wh. Ally X ta Yuli 2024, 80Wh, wato ninki biyu cif. Legion Go ta farko 49.2Wh. MSI Claw 8 AI+ ita ma 80Wh.

Yanzu shan wutar. Lambar da kake gani a saiti, 15W ko 25W, ta ƙwaƙwalwar na'urar ce kaɗai, ba a lissafa allo da fanka da memori da sifika da wayafai ba, waɗannan suna ƙara wasu wat ɗin a kai. In ka sa Deck a ƙarshen ƙarfinta na 15W kana buga Elden Ring, gaba ɗaya na'urar za ta riƙa shan wat 20 da wani abu, to ka raba 50 da wannan, awa 2 ne da 'yan kai. In ka sa Ally ta farko a Turbo 25W, gaba ɗaya ta haura 30, ka raba 40 da shi ka ga abin da ya rage, awa ɗaya da ɗan wani abu. Shi ya sa mutane suka yi ta kuka da ita. Ally X a wannan Turbo ɗin za ta ba ka sama da awa 2, in ka sauke ta ƙasa kuma ta wuce haka nesa. Amma a ƙaramin gem kamar Hades labari ya canja, Deck tana iya sauka ƙasa ƙwarai, ƙwaƙwalwarta daga 4W take farawa, can ne za ka ga OLED ta kai ka awa 6 ko fiye ba ka nemi caja ba.

Khalifa: Ka gani ko, 80Wh. Na faɗa muku.

Injiniya: Tsaya Khalifa ban gama ba. Ƙwaƙwalwar Z1 Extreme da ke cikin Ally ta fi ta Deck ƙarfi, wannan ba musu, tana da cibiyoyin aiki 8 na Zen 4 da ɓangaren hoto RDNA 3 mai sassa 12, ita kuwa Deck 4 ne na Zen 2 da RDNA 2 mai sassa 8. Amma ƙarfin nan sai ka ba ta wuta take nuna shi. Daga 20W zuwa sama ta bar Deck a baya sosai. A 15W tazarar ta ragu. Ƙasa da 10W kuwa Deck ce ke cin riba don dama a wannan wurin aka tsara ta ta zauna. To wanda kullum yana kusa da soket ya more Ally, wanda ke hanya kuma dole zai riƙa rage mata wuta, in ya rage kuma ƙarfin da ya biya kuɗi dominsa ba duka zai gani ba.

Ummi_K: Ni abin da nake so in ƙara, duk lissafin nan daidai ne amma akwai abin da ba ya fitowa a lamba. Ni ba ni da awa uku a jere da zan zauna in ce gem nake yi, minti 15 ne nan, 20 can, a kira ni in tashi. A Deck ina tsakiyar faɗa da bos sai in danna maɓallin wuta sau ɗaya allo ya mutu in ajiye, sai dare in dawo in danna, kafin in gyara zama gem ɗin yana nan daidai inda na bar shi, takobi a sama yadda yake. Wlh wannan kaɗai ya sa na gama gem ɗin da suka shekara suna jirana. Sannan allon OLED ɗin, in ka shiga kogo a Elden Ring baƙin baƙi ne na gaske, tocilar hannunka kawai ke haske, sauran allon kamar a kashe yake. Duk wanda ya saba da wannan zai ji wani iri in ya koma LCD. Kuma ba ta da ƙara, da daddare in kowa ya yi barci ba ta tashin mutane.

Khalifa: Yaya Ummi allonki 1280x800 ne fa, 90Hz. Na Ally 1080p ne 120Hz kuma da VRR. Kin san me VRR ke yi? In gem yana hawa yana sauka tsakanin 45 da 60 allon yana bin shi daidai, ba za ki ga tsagewa ko tsalle ba. Deck ba ta da shi a allonta.

Malam Bash: Gaskiya ne ba ta da shi, kuma VRR abu ne mai kyau ba zan rage masa daraja ba. Amma a allon inci 7 da kake riƙe da shi a nisan hannu, bambancin 800p da 1080p ba ya kai yadda yake a takarda, kuma ka faɗa masa gaskiya Khalifa, manyan gem nawa kake bugawa a 1080p a kan batir? Yawancin masu Ally 900p ko 720p suke saukewa su kunna FSR, manhajar da ke ɗaga ƙaramin hoto ya cika allo da kyau. Mu kuma abin da muke yi shi ne kulle gem a wuri ɗaya. A LCD ka sa allon a 40Hz gem ya tsaya a 40fps, wato hoto 40 a kowane sakan, a OLED ka kulle 45 allon yana 90. Mutane suna raina 40 don suna ganin ya fi kusa da 30, alhali in ka duba lokacin da kowane hoto ke ɗauka, 30fps milisakan 33 ne, 60fps kusan 17, 40fps kuma 25, tsakiyarsu daidai. Hannunka zai ji bambancin nan take kuma batir ya huta.

Khalifa: FC a 40fps ba ya buguwa Malam, sai 60. Fasin ɗinka zai riƙa makara.

Malam Bash: A nan kam ka fi ni gaskiya, gem na gasa 60 yake so.

Nura_LG: Kun manta da mu ne? Ni Legion Go nake da ita. Allon inci 8.8, 2560x1600, 144Hz, in ka ajiye ta kusa da sauran sai su zama kamar waya. Dalilin da ya sa na ɗauke ta idona ne, rubutun cikin gem da yawa don talabijin aka yi shi, a inci 7 sai na matso da fuska kafin in karanta. Hannuwanta suna cirewa kamar na Switch, tana da ƙafa a baya, a jirgi ko a ɗakin otal sai in kafa ta a tebur in jingina in riƙe hannuwan kawai. Analog ɗinta kuma na maganaɗisu ne, irin wanda ba ya saurin fara tafiya da kansa. Amma Sadiq zan faɗa maka tsakani da Allah, nauyinta giram 854 ne, Deck OLED 640, Ally X 678, Ally ta farko 608. In a kwance kake son bugawa ko a tsaye a layi, ba taka ba ce. Kuma 1600p ɗin nan ba don manyan gem ba ne, ƙwaƙwalwarta iri ɗaya ce da ta Ally, ni a 1280x800 nake sa su don rabin allon ne daidai ta kowane gefe sai hoton ya zauna tsaf. VRR ma babu a ta farkon.

Sadiq_09: Nura na gode da ka faɗi duka biyun. Gsky nauyin ya yi min yawa, jakata dama cike take da kayan aiki.

Faruq: MSI Claw fa? ba wanda ya ce komai

Injiniya: Claw ba kala ɗaya ba ce a kula. Ta farko A1M da ta fito farkon 2024 da Intel Core Ultra ba ta samu karɓuwa ba, masu gwaji sun same ta ƙasa da Ally a gem da yawa. Claw 8 AI+ da ta biyo baya da Core Ultra 7 258V ta gyaru sosai, allon inci 8, memori 32GB, batir 80Wh. Abin lura kawai shi ne Intel ce, direbobin hotonta sun inganta amma tsofaffin gem wani lokaci sun fi jituwa da AMD, kuma in wata rana ka so sa mata Linux hanyar AMD ta fi faɗi.

Malam Bash: Sadiq har yanzu ba ka amsa min ba fa ƙanina.

Sadiq_09: Yi haƙuri Malam. Ba ni da PS, laftof ɗin ma na ba ƙanwata tana karatu da shi, wannan da zan saya ita ce za ta zama komai nawa na gem. Kuma FC shi ne wanda nake bugawa da abokaina kusan kowane dare, su suna PS5 ni ina kwamfuta muna haɗuwa. Sauran gem ɗin ni kaɗai nake yi, amma wannan shi ne zumuncinmu, wasu a cikinsu mun yi shekaru ba mu haɗu ido da ido ba sai a nan. Ba zan iya barin shi ba gaskiya.

Malam Bash: To magana ta ƙare a wajena, kar ka sayi Steam Deck. Ina faɗa maka wannan ne a matsayin wanda yake ganin ita ce ta fi kowacce daɗin riƙewa. In ka saye ta daren farko da abokanka za su kira ka ranka zai ɓaci, kuma duk kyan allon ba zai rama maka ba.

Ummi_K: Amma Malam ai ana sa wa Deck Windows, Valve da kansu sun fitar da direbobi.

Malam Bash: Ana sawa Hajiya, kuma FC zai tashi. Amma ki duba abin da zai rasa, kwantar da ita ki tashe ta da kika gama yabo yanzu, da saitin wat da kulle fps da ke maɓalli ɗaya, da tsarin da komai ke tafiya da pad, duk na SteamOS ne. In an cire shi ya rage masa na'ura mai ƙaramin ƙarfi tana ɗauke da Windows da ba a gyara shi dominta ba. In dai Windows zai zauna a kai gara ya ɗauki wadda aka ƙera don haka.

Ummi_K: Haka ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma dai a faɗa masa abin da zai tarar a Windows ɗin kar ya ɗauka kunna ka buga ne.

Khalifa: Zan faɗa masa ai, ba na ɓoyewa. Sadiq ranar farko ka ware mata yamma guda. Windows zai yi ofdet, Armoury Crate, manhajar ASUS ta saitin Ally, zai yi nashi, akwai na BIOS, akwai direban AMD, ka bar ta a caji ka bari su gama duka kafin ka sauke gem ko ɗaya. Windows 11 ba don yatsa da allon inci 7 aka yi shi ba, wani lokaci taga za ta buɗo a bayan gem ko kibod ɗin allo ya ƙi fitowa sai ka taɓo shi da kanka, kuma Ally ba ta da faifan taɓawa irin guda biyun da ke Deck, da analog ko yatsa za ka riƙa jan kibiya. Barcin Windows ma ba abin dogaro ba ne a irin na'urorin nan gaba ɗaya, na'urar takan farka a cikin jaka, shi ya sa kowa ke canja maɓallin wuta ya koma hibernate, wato ta adana inda ka tsaya ta mutu gaba ɗaya, yana ɗan jinkiri wajen tashi amma batir ba ya zuba. Abin da za ka samu a madadin wannan shi ne babu gem ɗin da zai ce maka a'a. Steam, Epic, EA app, Battle.net, da Game Pass da za ka sauke gem ɗin a kan na'urar, wanda a Deck sai dai ka buga shi ta intanet a burauza. Ni wannan 'yancin ne ya riƙe ni.

Injiniya: Ƙari a kan memori don mutane suna tsallake shi. A na'urorin nan babu katin hoto daban, memori ɗaya ne ƙwaƙwalwa da ɓangaren hoto suke rabawa. In 16GB ne, Windows ya ɗebi nashi, ka ware wa hoto 4 ko 6, abin da ya rage wa gem ba shi da yawa, sababbin manyan gem suna fara sarƙewa. Ally X 24GB ce kuma mai sauri, za ka iya ba hoto 8 ka bar 16. A ganina wannan da batir su ne ainihin abin da ka biya, don ƙwaƙwalwar Z1 Extreme ɗin dai ita ce a duka biyun. Sannan wurin ajiya, Red Dead 2 kaɗai 150GB yake nema, Elden Ring 60, ka ƙara FC da Windows kansa, 512GB ta kusa cika tun ba ka fara ba. Ally X 1TB ce kuma SSD ɗinta 2280 ne, irin na laftof da ake samu ko'ina, na Deck da Ally ta farko 2230 ne ɗan guntu.

Sadiq_09: To in kuɗina ba su kai X ba fa, in ɗauki Ally ta farko ta hannu? Na ga suna da sauƙi sosai.

Injiniya: Za ka iya amma ka buɗe ido a abu uku. Na ɗaya kala biyu ce, akwai Z1 Extreme akwai Z1 zalla, jikinsu iri ɗaya fari, amma Z1 zalla sassan hotonta 4 ne kacal a maimakon 12, mai sayarwa zai ce maka ROG Ally ce kuma bai yi ƙarya ba. Ka shiga Settings, System, About ka karanta da idonka. Na biyu ramin katin microSD, a ta farkon yana kusa da inda zafi ke fita, ASUS da kansu sun amsa a 2023 cewa zafi na iya sa shi ya daina aiki, a X suka matsar da shi. Ka je da katinka ka gwada. Na uku batir, 40Wh ne tun tana sabuwa, ta hannu kuma ya riga ya ci wani abu. Ka buɗe cmd ka rubuta powercfg /batteryreport zai nuna maka abin da aka ƙera shi da shi da abin da yake ɗauka yanzu. Mai yawan tafiya irinka da wannan batir dole sai da fawa bank mai ba da 65W ta USB-C, kuma ka tsaya a ƙasa da 100Wh don shi ne iyakar da ake bari a shiga jirgin sama da shi ba tare da neman izini ba. In ka haɗa kuɗin fawa bank da na ƙarin SSD za ka ga ka matso kusa da X ɗin. Ni da kai ne zan ƙara haƙuri in cika.

Nura_LG: Akwai kuma ROG Xbox Ally da Xbox Ally X da suka fito Oktoba 2025, kar a manta. Windows ne amma yana buɗewa kai tsaye a fuskar Xbox ba tare da ya loda duk tarkacen teburin Windows ba, hannuwansu kamar pad ɗin Xbox. Babbar tana da Z2 Extreme, 24GB, 80Wh. Ƙaramar fara Z2 A ce, 16GB, 60Wh, ƙarfinta kusan ajin Deck ne, kar sunan ya ruɗe ka ka ɗauka ta fi Ally X ta 2024.

Khalifa: Wannan gargaɗin yana da muhimmanci wlh, sunayen sun yi kama da yawa. Xbox Ally X ta fi, amma ta fi tsada kuma tazarar ba ta kai a ce wanda ke ƙirga kuɗinsa ya matsa wa kansa ba.

Malam Bash: Bari in ƙara abu ɗaya in yi shiru. Lenovo sun fitar da Legion Go S a 2025 kala biyu, mai Windows da mai SteamOS, ita ce ta farko da ba ta Valve ba da ta zo da SteamOS a hukumance. Da masu gwaji suka gwada tsarin biyu a kan na'ura ɗaya, a gem da yawa SteamOS ya fi sauri kuma batir ya fi daɗewa. To Sadiq in ka sayi Ally X ƙofar nan ba ta rufe maka ba. Akwai Bazzite, Linux ne da jama'a suka haɗa wanda fuskarsa da aikinsa kusan irin na SteamOS ne kuma yana tafiya da kyau a Ally. Kana iya raba SSD ɗin gida biyu, Windows don FC, Bazzite don Elden Ring da Hades da sauran na hanya, ka samu barcin nan da Ummi ke magana. Ba yanzu ba, ka fara sabawa da ita tukun. Kuma kafin ka sa kowane gem a ɓangaren Linux ka duba shi a ProtonDB, mutane suna rubuta abin da ya yi musu da wanda bai yi ba.

Sadiq_09: Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wlh na ƙaru fiye da duk bidiyon da na kalla. Na tsaya a Ally X, zan ƙara jira kuɗin su cika. Tambaya ta ƙarshe, in na sauka masauki ina so in haɗa ta da talabijin mu buga FC da pad biyu, sai na sayi dok na kamfanin ne, wato mazaunin da ake jona ta da talabijin?

Injiniya: Ba dole ba. Duk dok ko hub na USB-C mai HDMI da ke wuce da caji zai yi, ka dai tabbata yana karɓar 100W kuma cajar da za ka sa masa ta kai, don dok ɗin yana cin nashi kafin ya miƙa mata, in abin da ya iso bai kai 65W ba ba za ta shiga Turbo 30W ba. X ramin USB-C biyu gare ta, kana iya sa caja a ɗaya ka sa HDMI a ɗayan ka huta da wannan lissafin. A talabijin ka bar gem ɗin a 1080p ko da 4K ce, kuma ka kunna Game Mode na talabijin ɗin in ba haka ba za ka ji pad yana makara ka ɗauka laifin na'urar ne. In za ta daɗe a jone ka kunna iyakar caji na 80% don batirin ya yi ƙarko.

Ummi_K: Kuma ka saya mata jaka mai tauri tun ranar farko tunda cikin kayan aiki za ta riƙa zama, analog ɗin ne ke fara cin wuya in ana danne su. Allah ya sa albarka Sadiq.

Sadiq_09: Amin Yaya Ummi. Khalifa zan neme ka ranar da ta iso ka nuna min wajen canja maɓallin wutar nan.

Khalifa: Control Panel, Power Options, sai Choose what the power buttons do, ka zaɓi hibernate a jerin. Ka canja duka biyun, na batir da na caji. In ta iso ka yi min magana mu bi sauran tare.